Lemon Tsamiyar da Na Koya a Wajen Masu Dafa Giya

Ko zan manta komai na zamanmu a Malesiya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na ƙwalla ihu a tsakiyar tafsiri ba, a gaban surukata da kusan duk wani Bahaushe da ke yankin Setapak na Kuala Lumpur. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Kuma ba kowa ne ya ja mini ba, ni na ja wa kaina, a kan lemon tsamiya.

Azumin farko ne na lokacin korona, gari a kulle. Muna zaune a saman wani dogon bene a unguwar Danau Kota, ni da maigidana Abban Hanif mai karatun digiri na uku, da ɗanmu, da kuma mahaifiyarsa, Hajiya. Ta zo ne a duba mata ido da niyyar ta yi 'yan makonni ta koma Kano, sai aka rufe filayen jirgi, ta maƙale a wajenmu. Kada in ɗauki alhakinta, Hajiya ba mafaɗaciya ba ce. Abu ɗaya ne da ita: ba ta yabo. Za ki wuni a kicin ki haɗa miyar da maƙwabta za su jiyo ƙamshinta ta taga, ta ci, ta suɗe hannu, ta ce, "To, an gode Allah." Iyakarta ke nan. Ni kuwa tun da na shigo gidan ɗanta nake farautar kalmar "ya yi daɗi" daga bakinta, ban samu ba.

A wannan azumin babu kasuwar buɗa-baki, babu masallaci, babu ziyara. Sai muka ɓullo da dabara a benenmu: in kin yi abin shan ruwa, ki rataye wa maƙwabciya a ƙarfen ƙofarta, ki danna ƙararrawa, ki ja da baya. Wata rana Kak Ros, 'yar Malesiyar da ƙofarta ke kallon tamu, ta ajiye mana wani jan lemo a babban tulun gilashi, garau da shi kana hango yatsunka ta ɗaya gefen. Hajiya ta sa aka ɗaga mata shi saitin taga, ta daɗe tana kallo da sabon idonta.

"Ikon Allah," in ji ta. "Mutanen nan sun iya tsabtar abin sha."

Daga nan ta juyo ta dubi kofin lemon tsamiyata da ke gabanta, mai launin ruwan kududdufi, ba ta ce komai ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. A take na ɗaura aniyar sai tsamiyata ta fi jan ruwan Kak Ros haske, ko da kuwa shi ne aikina na ƙarshe a duniya.

Na tace da rariya, na tace da ƙyalle, na sadaukar da sabon ɗankwalina na tace sau biyu. Tsamiya ta ce ba ta san zancen ba. Sai na ɗauki waya na tambayi intanet yadda ake sa abin sha ya washe. (Na rantse ba neman giya na je ba, ina so a rubuta wannan a ajiye.) Amma duk shafin da na buɗe, na masu dafa giya a gida ne. Ashe su ma damuwarsu ke nan, giyarsu ta fito da duhu-duhu, suna neman abin da zai sa ta yi garau. Na rufe ina a'uziyya. Na sake buɗewa. Na ce wa kaina ai ilimi ne kawai, kuma tsamiya ba ta san wa ya koya mini ba.

Dandalin nasu sai ka yi rajista kafin ka yi tambaya. Ba zan iya sa sunana a cikin mashaya ba, don haka na rubuta Tony. Kada a tambaye ni dalilin Tony, shi ne ya fara zuwa mini. Na ce musu ina haɗa wani lemo ne marar sa maye. Wani dattijon Bature mai farin gemu har ƙirji, wanda na laƙaba wa Baba Gemu, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya bayyana mini cewa duhun nan wasu ƙananan ɓurɓushi ne da suka ƙi kwanciya, sai an zuba abin da zai kama su ya ja su ƙasa. Akwai masu sa farin ƙwai, akwai masu sa wata irin laka, amma mafi sauƙi ga ɗan koyo shi ne garin jelatin. Har shagon da zan saya a nan Malesiya ya nuna mini.

Da saƙon ya iso, sai ga ƙaramar leda da takarda manne a jiki, ɗauke da hoton ƙaton kofin giya yana kumfa. Na yi sauri na dunƙule ta a hannu. Hajiya tana falo, idonta ya warke sarai. Na ɓalle takardar, na yi mata gutsi-gutsi, na tura ta ƙasan bawon albasa a kwandon shara, na juye garin a tsohuwar robar yaji. Akwai ƙananan rubutu a ƙasan hoton, na gan su, amma wa ke tsayawa karatu alhali yana ɓoye shaida?

Kuma ku ji inda na ɗauki kaina mai taƙawa. Duk tsorona a kan kada lemon ya yi tsami ya rikiɗe ya zama abin da ba a faɗa. Na yi wa Baba Gemu tambayoyi har ya gaji. Ya ce kada in sa sukari sai a ƙarshe, kuma kada ya bar firji. Na bi wannan sau da ƙafa. Na tsare ƙofa da kyau kada giya ta shigo, ban san ta taga ɓarawon zai hauro ba.

Na roƙi Kak Ros ta bar mini tulunta na 'yan kwanaki. Na jiƙa garin a ruwan sanyi har ya kumbura, na ɗumama shi kaɗan ba tare da ya tafasa ba, na zuba a ruwan tsamiya mai sanyi, na juya a hankali, na tura can bayan firji na kare da tukwane. Bayan kwana biyu na leƙa. Jama'a, duk dattin ya kwanta a ƙasa kamar an ba shi umarni, sama kuwa ruwa ne launin shayi ba madara, tas da shi. Bayan an sha ruwa na zuƙe na saman da sabon siririn tiyo, na sa sukari da 'yar citta, na ɗanɗana, na kusa yin guɗa ni kaɗai a kicin. Na mayar bayan firji na ɓoye.

Washegari na ɗura a kwalabe. Na ga kamar ya ɗan ragu a kan yadda na bar shi, na ce idona ne. Na ɗauki hoton kwalba ɗaya a jikin taga na tura wa dandalin da godiya. Na bi ƙofofin Hausawan benenmu na rataye, na rataye wa Kak Ros ita ma don ta san ba ita kaɗai ta iya ba. A lokacin maigida kaɗai ake bari ya fita cefane, sai na ba Abban Hanif kwalba ɗaya na ce in ya fita ya biya unguwar Taman Melati ya miƙa wa Malam Sagir. Malam Sagir ɗalibi ne shi ma, iyalinsa na Najeriya, shi kaɗai yake zaune, kuma shi ke yi mana tafsiri ta kiran bidiyo kullum daga bayan la'asar har a sha ruwa. Tamu kwalbar na ajiye, ina jiran in dire ta gaban Hajiya in ga abin da bakinta zai yi.

Ina tsaka da suyar ƙosai, saura ƙasa da awa ɗaya a kira sallah, wayata ta yi ƙara. Baba Gemu ne. Na goge hannu ina murmushi, na san yabo ne.

Ya ce ya yi kyau ƙwarai, Tony, kamar ba ɗan koyo ba. Sai ya ƙara da cewa abu ɗaya kawai, idan akwai Musulmi ko waɗanda ba sa cin nama a cikin abokaina in sanar da su kafin in ba su, domin wannan garin daga fatar alade ake yin sa, yana nan a rubuce a jikin takardar.

Na karanta, na sake karantawa. Na buɗe shafin shagon, na gangara ƙasa, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ni, da azumi a bakina, na rarraba wa masu azumi alade a kwalba, gida-gida, har da malaminmu. Kuma rana tana ta gangarawa ba ruwanta da ni.

Na kashe wuta, na zura hijabi, na maƙala takunkumi, na fice. Lifta a lokacin mutane ƙalilan ake bari su shiga lokaci ɗaya, kuma ga magidanta sun dawo daga cefane sun yi layi. Na bi matattakala. Wanda bai taɓa gudu a matattakala da azumi, da takunkumi, da silifas ɗin banɗaki a zafin Kuala Lumpur ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. A hanya na shirya ƙarya, don gaskiyar ta fi ƙarfin bakina: zan ce gishiri na zuba maimakon sukari.

Gidaje biyu suka miƙo mini kwalabensu ba gardama. Maman Ummi ce ta tsaya ja, ita da ba a yin abu a benenmu bai bi ta kunnenta ba, ga ta da cusa "lah" ɗin 'yan Malesiya a magana.

"Gishiri kuma, Maman Hanif? Haba, ba komai lah, sai mu ƙara ruwa da sugar. Ni fa tun ɗazu nake kallonsa, har na ɗauka a hoto."

"Don Allah ki ba ni. Yara ba su taɓa ba dai ko?"

"Na hana su, na ce sai an kira sallah. Wai lafiya kike haki haka? Are you okay?"

"Lafiya lau. Miƙo."

Ta miƙo tana ƙare mini kallo ta saman takunkumi, na san an buɗe mini fayil. Na hauro na ƙwanƙwasa wa Kak Ros, na maimaita mata zancen gishiri da Turanci. Baiwar Allah har da ba ni haƙuri, tana cewa "tak apa, sister," wato ba komai, kowa na kuskure da azumi. Na tsaya a bakin ƙofarmu rungume da kwalabe, zufa na bin bayana, na sauke ajiyar zuciya. Ajiyar zuciyar ba ta gama sauka ba na tuna Taman Melati.

Ba halin zuwa. Ni ba maigida ba ce, ga shingen 'yan sanda a hanya, ga lokaci ya ƙure. Na kira Malam, ba a ɗauka ba, kuma dole, da wayar yake tafsirin. Na tura saƙo, na sake turawa, ko buɗewa bai yi ba. Hanya ɗaya ta rage, kuma tana tsakiyar falonmu.

Abban Hanif shi ke kula da taron, shi ke rufe bakin kowa don kada kukan yara ya dami karatu. Yana zaune gaban kwamfuta, fuskokin jama'a sun cika allon ƙanana-ƙanana, Hajiya na gefensa a kan dadduma da carbinta. Na yafuto shi daga ƙofar kicin, ya ɗaga mini hannu alamar in jira. Na lallaɓa na durƙusa na raɗa masa a kunne.

"Ka ce wa Malam kada ya sha lemon nan."

"Me ya faru?"

Na saci kallon Hajiya. Carbin ya tsaya.

"Gishiri na zuba."

Ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. "Yanzu saboda gishiri zan katse tafsiri? In ya kurɓa ya ji ai zai ajiye da kansa."

Ƙaryar da na ƙera da hannuna ta juyo ta rufe ni. Kuma zan faɗi gaskiya, a durƙushen nan wata murya ta yi mini magana mai daɗi. Ta ce ki yi shiru. Bai sani ba, ba shi da laifi, zai sha ya yi miki addu'a, ba wanda zai taɓa ji har abada, kin karɓo na sauran ai kin yi ƙoƙari. Na saurare ta, ba zan ce ban saurare ta ba. Tsoron Allah na ja na ta nan, tsoron Hajiya na ja na ta can, kuma a wannan minti ban san wanda zai yi nasara ba.

Sai Malam ya rufe littafi ya yi addu'a. Maimakon ya tsaya nan, ya miƙa hannu gefe ya ɗago kwalbata gaban kyamara.

"Kafin mu rabu, jama'a ku dubi abin da aka aiko mini daga gidan Abban Hanif. Wai tsamiya ce wannan. Ni dai ban taɓa ganin tsamiya mai haske haka ba. Allah ya yi wa wannan gida albarka, ya ƙara tsarkake shi kamar yadda aka tsarkake wannan lemo."

Kawuna suka yi ta gyaɗawa a allo, leɓuna na cewa amin. Daidai nan ladanin ƙaramin masallacin da ke ƙasan benenmu ya ɗaga murya. Malam ya jefa dabino a baki, ya murɗe murfin, ya tsiyaya a kofi. Ina jin ƙarar zubarsa.

Ban san lokacin da na ture kafaɗar mijina na cusa fuskata a allon ba.

"Malam kada ka sha! Da alade a ciki!"

Malam bai ko kula ba, ya ci gaba da ɗaga kofi. Makirufonmu a rufe yake. Duk faɗin duniya mutum biyu ne suka ji ni, mijina da uwarsa. Abban Hanif ya kai hannu a gigice, maimakon ya buɗe tamu kaɗai ya ba kowa damar magana, ni kuma dole na sake maimaitawa da ƙarfi, kamar sau ɗaya bai ishe ni kunya ba.

Kofin ya tsaya dab da leɓensa. "Na'am? Wace ce?"

"Maman Hanif ce. Malam don girman Allah ajiye kofin nan."

Ya ajiye a hankali, ya ja hannunsa baya. Salati ya ɓarke ta ko'ina. Wani na tambaya alade kuma a tsamiya, ta yaya? Na fara bayani, garin jelatin, ɓurɓushi, kwanciya a ƙasa. Sai muryar Maman Ummi ta ratso ta saman kowa.

"Au! Ba gishiri kika ce mana ba?"

Kafin in buɗe baki, Hajiya ta riga ta juyo gaba ɗaya tana fuskantata. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta ɗagawa.

"Ke 'yar nan, wa ya koya miki wannan haɗin?"

"A waya ne, Hajiya."

"Su wa a wayar?"

Na dubi ƙasa. "Masu dafa giya ne."

Hajiya ta ajiye carbinta.

"Masu giya," ta maimaita. "Kuma suka zauna suna koya miki, da hijabinki da komai?"

"Ba su san ni mace ba ce, Hajiya. Tony na ce musu sunana."

Sai da na rufe baki na tuna makirufo a buɗe yake. Wani ya ƙware da ruwa. Wata ta kashe kyamararta, amma ana jiyo ta tana dariya har da buga tebur. Malam Sagir ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza, ya daɗe kafin ya iya ɗagowa. Ya ce alhamdu lillahi ba wanda ya sha, kuma ko da wani ya sha bisa rashin sani babu laifi a kansa. Ya ce abin da na yi na tsayar da shi ba ƙaramin abu ba ne. Da ya tsaya nan da na gode masa. Sai ya ƙara da, "Allah ya saka da alheri, Malama Tony." Abban Hanif ya rufe kwamfutar, muka sha ruwa da ruwan famfo da ƙosai rabin suya, ba mai kallon wani.

Bayan magariba na je na faɗa wa Kak Ros gaskiya, tunda tulunta ne. Na ga idanunta sun firfito ta saman takunkumi. Ba ta yi faɗa ba, ta ce a mazhabarsu sai an wanke shi da ruwan ƙasa, gobe za ta kawo ƙasa mai tsabta ta nuna mini yadda ake yi. Na ce to. A ranar ko cewa ta yi in wanke benen gaba ɗaya da ƙasa zan ce to.

Na dawo kicin na jera kwalabe ina tuttular da su a magudana, hawaye na zuba. Ban ji shigowar Hajiya ba sai da ta tsaya a bayana.

"Da kin yi shiru, ba wanda zai sani," in ji ta.

"Na sani, Hajiya."

Ta tsaya tana kallon lemon yana gangarawa.

"Wanda aka ɓoye a bayan tukwane cikin firji, shi ne wannan?"

Na juyo da sauri. "Shi ne."

"To. Na sha kofi biyu da sahur."

Na fara ba ta haƙuri ina in'ina, ta ɗaga mini hannu.

"Ai kin ji Malam, ban sani ba." Ta sake leƙa magudanar, ta girgiza kai cike da takaici. "Tun da nake ban taɓa shan lemon tsamiya mai daɗinsa ba. Allah ya isa tsakanina da aladen nan."

Ta juya ta fita abinta, ta bar ni tsaye da kwalba a hannu, na rasa kuka zan ci gaba da yi ko dariya. Yabon da na yi shekaru ina farauta ya zo, kuma ya sauka a kan abu ɗaya tak da ba zan sake haɗawa ba har in koma ga Allah.

Yanzu tsamiyata ta koma launin kududdufinta, kuma in wani ya yi ƙorafi sai in ce masa ya gode Allah yana ganin abin da yake sha. Duk takardar da zan yaga don kada a gani, sai na fara karanta ta har ƙasa. Hajiya ta daɗe da komawa Kano, ta koma wa "an gode Allah" ɗinta kamar ba a yi komai ba. Amma duk sanda ta kira ɗanta, bayan ta tambayi jikanta da karatu, sai in jiyo ta ta cikin waya tana cewa, "Ina Tony? Ba ni ita mu gaisa."